In Aka Rufe Sashen Tarihin Fasaha, Wa Ke Biye?



A taron reshenmu da ya gabata an kawo maganar Sashen Tarihin Fasaha a ƙarshen ajanda, ƙarƙashin "sauran batutuwa", bayan la'asar ta yi, rabin zauren ya watse, masu ɗauko yara daga makaranta sun riga sun kama hanya. Sakatare ya karanta sakin layi guda daga rahoton kwamitin da hukumar jami'a ta kafa domin abin da ta kira daidaita sassa. Aka yi tsit, sannan wani ya ba da shawarar a ɗage maganar zuwa wani zama, aka amince, aka tashi. Shirun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin rahoton ba zai jira mu ba. Yana kan hanyarsa ta zuwa Majalisar Dattawan Jami'a.

Ga waɗanda ba su ji abin da aka karanta ba, shawarwari uku kwamitin ya bayar. Ta farko, a daina ɗaukar ɗalibai a digirin Tarihin Fasaha daga shekarar karatu mai zuwa. Ta biyu, a rarraba malaman sashen zuwa wasu sassa, kuma duk wanda ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya kada a maye gurbinsa. Ta uku, a kwashe kayan da ke ɗakin baje kolin sashen, a mayar da ɗakin zauren jarrabawar kwamfuta. Babu inda rahoton ya ambaci kalmar rufewa. Amma wanda ya ɗauke guga, ya sayar da igiya, ya ɗora dutse a bakin rijiya, ba ya bukatar ya furta cewa ya hana ruwa.

Ba zan ɓoye ba, a wannan sashe nake cin abinci, saboda haka mai karatu na da damar ya auna maganata yana sane da hakan. Abin da nake roƙo kawai shi ne a ɗora hujjojin kwamitin a kan ma'auni ɗaya da nawa.

Tun da yawancin abokan aikinmu sun ɗauka zane muke koyarwa, bari in fara bayyana aikinmu. Ɗauki babbar rigar da kakanka ya bari a cikin adaka, mai aska takwas a ƙirji. Masanin tarihin fasaha zai tambaya: wa ya kaɗa zaren, wa ya saƙa, a wace marina aka rina, wa ya zana surar askar kafin maɗinki ya bi ta da allura, zaren ɗinkin na tsamiya ne ko na auduga? Me ya sa ake samun irin wannan riga daga Kano har Bida, har Ilorin? Me ya sa sarakunan Daular Sakkwato suka mayar da riga tukwici da alamar girmamawa? Kafin ya gama amsa waɗannan tambayoyi ya ratsa tarihin noma da fatauci da sarauta da malanta, domin sau da yawa malamai ne ke zana surar da maɗinka ke bi. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa game da arzikin birnin shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wannan ita ce fasaha a ma'anarta ta asali, wato gwanintar hannu da basira, tun kafin a ara wa na'ura kalmar. Mu tarihinta muke bi, muna karanta riga da tukunya da bango da allo kamar yadda abokinmu na Sashen Tarihi ke karanta tsohuwar wasiƙa.

Hujjar kwamitin ta farko ita ce ƙarancin ɗalibai. Gaskiya ne, masu cike fom suna zaɓar Tarihin Fasaha ba su da yawa. Sai dai kwamitin bai tambayi dalili ba. Tun wajajen 2009 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da ke neman shiga jami'a a yau su ne waɗanda suka taso a cikin wancan giɓi. Ƙara da cewa makarantun sakandare da yawa ba su da malamin zane ko guda, kuma inda akwai shi sau da yawa wani darasin aka ɗora masa. Yaron da bai taɓa jin sunan Nok ba, bai taɓa shiga Gidan Makama ba, ta yaya zai nemi karanta abin da bai san da wanzuwarsa ba? An hana gona iri shekara da shekaru, yau an zo ana tuhumarta da rashin yabanya. Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin da aka dawo da Tarihi makarantu kuma ake neman malaman da za su koyar da shi, a lokacin ne muke shirin toshe ɗaya daga cikin hanyoyin samar da su.

Lissafin kansa ma yana da gyara. Kwamitin ya ƙirga ɗaliban da ke ɗauke da sunan sashenmu a katin shaidarsu kaɗai. Bai ƙirga ɗaliban zane da sassaƙa ba, da na tsara gine-gine, da na wasan kwaikwayo, da na Tsangayar Ilimi, waɗanda ke cika azuzuwanmu kowane zango domin manhajarsu ta wajabta musu kwasa-kwasanmu. Idan aka daina maye gurbin malamanmu, wa zai koyar da su nan da shekara goma? Za a miƙa kwas ɗin ga duk wanda jadawalinsa ke da sarari, ya sauko da bayanai daga intanet ya karanta wa yara. Kuma ina jan hankalin 'yan uwa da ke sassan Lissafi da Fiziks da Faransanci da Falsafa, har da Hausa da Larabci: in dai yawan masu cike fom ne ma'aunin rayuwar sashe, to ku duba naku alƙaluman na bana. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hujja ta biyu ita ce wai babu aikin yi ga wanda ya karanta wannan fanni. Ba zan yi wa iyaye ƙarya ba, guraben aiki sun yi ƙaranci. Amma sun yi ƙaranci ga injiniya da lauya da masanin tattalin arziki, kuma ban ji an ce a rufe sassansu ba. Rashin aikin yi ciwon ƙasa ne baki ɗaya, bai dace a ɗora wa ƙaramin sashe guda alhakinsa ba. Bayan haka, aikin da ke jiran ɗalibanmu yana nan jibge, ma'aikatan ne babu. A watan Fabrairun 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba. An shafe shekaru da dama ana neman a dawo da su. A watan Oktoban 2021 wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij ta mayar da zakaran tagulla da ke hannunta. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar miƙa wa Nijeriya mallakar kaya sama da 1,000, sannan a 2025 Holan ta dawo da guda 119. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana bukatar wanda zai bi sawunsa daga hannu zuwa hannu, ya tantance na asali da jabu, ya rubuta bayaninsa, ya san yadda za a adana shi. Tsohuwar hujjar masu riƙe da kayan ita ce ba mu da waɗanda za su kula da su. Shin kwamitinmu so yake ya gaskata su?

Ba sai mun je Benin ba ma. A nan arewa, a 1928, masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu daga yankin Jama'a, ya lura da kamannin da ke tsakaninsu, daga nan duniya ta san da al'adar Nok, wadda ayyukanta suka haura shekara 2,000. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Daga baya masu haƙar sata suka far wa wuraren, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan yumɓun Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a jerin kayan Afirka da suka fi fuskantar barazanar fasa-ƙwauri. Bincike mafi girma da aka yi a kan Nok a zamaninmu, masana daga Jami'ar Frankfurt ne suka fara shi a 2005, kuma a Frankfurt aka baje kolin abin da suka tono a 2013. Ba na zargin wanda ya zo ya yi aiki. Ina tambaya ne: yaushe za a samu ranar da ɗan Kwoi ko ɗiyar Kafanchan za su jagoranci irin wannan aiki, idan muka rufe ƙofar da za su bi?

Ga wanda kuma kuɗi ne kawai ke shiga kunnensa, ga misali. A 1974 Ben Enwonwu ya zana hoton wata gimbiyar Ife da aka sani da Tutu. Hoton ya ɓace shekaru da dama, sai aka tsince shi rataye a wani gida a Landan, kuma a watan Fabrairun 2018 aka sayar da shi a gwanjo a kan fam miliyan 1.2. Kafin ranar da wani masani ya tsaya a gabansa ya gane hannun wanda ya zana shi, hoto ne kawai a bango. Sanin ne ya fito da darajarsa, kuma sanin nan ne sana'armu.

Akwai hujja ta uku wadda ba a rubuta ta a rahoto ba, amma na ji ta a ɗakin shan shayi, na kuma ji ta daga bakin iyayen da suka zo neman a canza wa 'ya'yansu sashe: wai gumaka muke koyarwa. Ba na raina wannan damuwa, domin daga tsoron Allah ta fito, kuma hukuncin sura a shari'a magana ce ta malaman addini, ba ni da hurumin yin fatawa a kanta. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke faruwa a ajinmu. Ba a tilasta wa ɗalibin Tarihin Fasaha ya sassaƙa komai, nazari yake yi da rubutu. Kuma mafi yawan abin da wannan yanki namu ya gada na fasaha, a masallaci da makarantar allo da fada aka haife shi. Akwai rubutun Alƙur'ani da hannu, da bambancin da ke tsakanin salon Barno da na Kano, da zayyanar da ake yi wa allon sauka, da gafakar da dukawa ke ɗinkawa. Akwai Hasumiyar Gobarau a Katsina, da hasumiyar babban masallacin Agadas, birnin da UNESCO ta sanya tsohon garinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Akwai masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, inda ya ɗaure rufi mai faɗi da tubali da azara da bakan gizo, babu siminti babu rodi. Wanda ya ce nazarin waɗannan gumaka ne, bai taɓa leƙa ajinmu ba.

Su kuwa kayan Nok da makamantansu, juya musu baya bai taɓa sa sun ɓace daga doron ƙasa ba. Abin da ya haifar kawai shi ne manomi ya sayar wa dillali a kan kuɗin buhun taki, dillali ya sayar a Turai a kan kuɗin gida. Jami'a kuma ta kowa ce, Musulmi da Kirista, kuma ɗalibin da kakanninsa suka zauna a kan waɗannan tsaunuka yana da hakkin ya san abin da hannayensu suka yi.

Ya kamata mu ji kunyar wani abu guda. Gine-ginenmu na ƙasa, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ne ya yi shekaru yana bin su da awo da zane, kuma daga aikinsa aka samu gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ɗinkin rigunanmu, David Heathcote ne ya yi nazarinsa lokacin da yake koyarwa a Zariya, shi ne kuma ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Mun gode musu. Amma har yau, bayan kusan shekara hamsin, ɗalibin da ke rubuta kundi a kan zanko ko makuba ko malum-malum su yake komawa, domin magadansu daga cikinmu ba su da yawa. A halin da ake ciki badalar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, tana zaizayewa kowace damina, karofin Ƙofar Mata na raguwa, tsofaffin magina na mutuwa da iliminsu a ƙirji. Kowace shekarar da ta wuce ba a aika ɗalibi da littafi da kyamara wurinsu ba, asara ce da babu kuɗin da zai fanshe ta.

Hujja ta huɗu ita ce kuɗi da ƙarancin ɗakuna. Na yarda jami'a na cikin matsi, kuma ana bukatar zauren jarrabawar kwamfuta. Amma a nuna mana a rubuce nawa za a tara idan aka rufe mu. Albashinmu za a ci gaba da biya, tun da rarraba mu za a yi. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje mai cin sinadarai, ba mu da injinan da ke shan man dizal. Abin da muke bukata majigi ne mai aiki, da littattafai, da mota sau ɗaya ko biyu a zango da za ta kai yara gidan tarihi ko marina. Ita ma motar, shekarun nan da kuɗin aljihunmu da karo-karon ɗalibai muke ɗaukar ta, matanmu da mazajenmu shaida ne. Idan zaure ake so, akwai hanyar neman sa. Asusun TETFund, wanda sunansa ke manne a jikin kusan kowane sabon gini a jami'o'in gwamnati, asalinsa yarjejeniyar 1992 ce tsakanin ƙungiyarmu ta ƙasa da gwamnatin tarayya, wadda ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993. Magabatanmu sun sha wuya a kansa domin a ƙara ɗakuna, ba domin a kori wani sashe daga nasa ba.

Kuma kafin a ce a kwashe kaya, ya dace a san abin da ke ɗakin. Akwai ayyukan ɗaliban da suka gama tun shekaru aru-aru. Akwai tukwane da tabarmi da sirdi da linzami da malamanmu na farko suka tattaro daga ƙauyuka. Akwai riguna da alluna da wasu iyalai suka kawo da hannunsu, suka ce a ajiye domin 'yan baya su gani, saboda sun amince jami'a ba ta yar da amana. Rahoton ya ce a mayar da su ma'ajiya. Dukkanmu mun san ma'ajiyar, mun san rufinta, mun san garar da ke cikinta. Rigar tsamiya ba ta yin damina biyu a irin wannan wuri. Ranar da jikan mai rigar ya zo tambaya, wa zai tare shi, kuma me za a ce masa?

Domin kada a ce na wanke sashenmu tas, ga laifinmu. Mun daɗe muna koyar da tarihin zanen Italiya da Faransa daga tsofaffin takardun da muka gada, muna ba shi zango biyu, muna ba ƙasarmu makonni. Muna rubutu da Turanci kaɗai, a mujallun da maginin da muka yi hira da shi ba zai taɓa gani ba. Ba kasafai muke gayyatar marina da maƙera da masu zayyana su shigo aji su yi bayani da bakinsu ba. Mun zauna a lungunmu har abokan aikinmu suka manta da mu. Wannan duka gaskiya ne, kuma magani yake bukata.

Tarihin fanninmu ya nuna mana irin maganin. A 1958, a kwalejin da ke Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗaliban zane suka gaji da manhajar da aka kwafo daga Ingila. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka kafa ƙungiya, suka ce za su koyi dabarun Turawa amma su haɗa su da surori da labaran gidajensu. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya kuma kafa koyarwarsa a kansa a Nsukka. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya yi shekaru yana horar da masu zane a Yaba. Duk mai rubuta tarihin zanen Afirka na zamani dole ya ratsa ta Zariya saboda su. Da a ce hukumar wancan lokaci ta dubi 'yan tsirarun yaran nan ta ce ba su kai yawan da za a riƙe sashe dominsu ba, da babu wannan babi. Haka kuma a 1977 jami'ar ta Zariya ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, macen da ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 da ke aljihun kowannenmu. Ranar nan jami'a ta amsa cewa akwai ilimi a hannun mai ginin tukunya. Mu kuma yau ana so mu janye wannan amsa.

Damar gyara ma tana hannunmu. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Sashenmu ya riga ya fara tsara kwasa-kwasai a kan gine-ginen ƙasa da rubutun hannu da saƙa da rini da kula da kayan tarihi. Kwamitin bai ga wannan ba, domin bai taɓa tako ƙafarsa sashen ba, bai kira shugaban sashe ba, bai nemi jin ta bakin ɗalibi ko guda ba. An yi mana aski ba ma nan. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin kowane ɗan ƙungiya, ko da yana ganin fanninmu ba shi da amfani, domin hanyar da aka bi da mu ita za a bi da shi.

Akwai kuma wata hanyar da ake kashe sashe a hankali, wato ka'idar ƙarin girma. Malaminmu zai yi shekara biyu yana bin tsofaffin gidaje yana awo, ya shirya baje koli, ya rubuta littafin bayanin kayan, amma a teburin tantancewa a ba shi makin da bai kai na maƙala guda mai shafi takwas ba. Matasanmu masu hazaƙa sun gane lissafin, wasu sun sauya fanni, wasu sun bar ƙasar. Daga nan sai a dawo a ce sashen ba shi da manyan malamai. Wannan ma maganar ƙungiya ce, domin sharuɗɗan aiki ne.

'Yan uwa, a 2022 mun yi wata takwas muna yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. An riƙe albashinmu. Iyalanmu sun san abin da aka sayar a gida, da bashin da aka ci a shagon unguwa, da kuɗin makarantar da aka roƙi a ɗaga mana ƙafa. A duk tsawon lokacin abin da muke gaya wa jama'a shi ne muna yi ne domin ceto jami'a, masu sukarmu kuma suna cewa cikinmu kawai muke yi wa. To ga gwaji ya zo har gida, kuma babu alawus ko sisi a cikinsa. Idan za a iya shafe fannin ilimi guda daga jami'armu a ƙarƙashin "sauran batutuwa" ba tare da mun ɗaga murya ba, mun ba masu sukar nan hujjar da suka daɗe suna nema.

Saboda haka ina gabatar wa reshe buƙatu huɗu. A sanya wannan magana a farkon ajandar taro mai zuwa. Shugabannin reshe su rubuta wa Shugaban Jami'a, cikin ladabin da aka san mu da shi, su nemi a dakatar da rahoton har sai kwamitin ya zauna da sashen, ya kuma fito da lissafinsa a fili. 'Yan ƙungiya da ke da kujera a Majalisar Dattawan Jami'a su ƙi amincewa da duk wata shawarar hana ɗaukar ɗalibai ko kwashe ɗakin baje koli kafin a yi hakan. Sannan reshe ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba yadda ka'idar ƙarin girma ke auna aikin fage da baje koli, a dukkan sassan da abin ya shafa. A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin gabatar da sabuwar manhajarmu a gaban taron, kowa ya gani ya yi gyara.

Kafin ranar taron, ɗakin baje kolin zai kasance a buɗe kowace Asabar daga hantsi zuwa azahar, ni da abokan aikina za mu karɓi baƙi da kanmu. Ku zo da iyali, musamman yara. Ku bar su su tsaya gaban allon zayyana da rigar aska takwas su yi tambaya, ku saurari irin tambayoyin da za su yi. Bayan nan, duk wanda ya ga ɗakin ya fi dacewa da layukan kwamfuta, ya zo taro ya faɗa a gaban kowa, za mu saurare shi da girmamawa. Abin da nake roƙo shi ne a zo da wuri, kuma a zauna har a kaɗa ƙuri'a.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.